Tausa, Ƙaho da Sirace a Ƙasar Adar: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Ƙasar Adar ba ta ba mutum abinci sai ta karɓi ƙarfinsa tukuna. Manomin Bambeye a kan tsakuwa da fako yake noma. Uwargidansa da turmi take kwana, da guga take tashi. Ɗansu kuma yana Abijan ko Libiya wajen biɗa, yana dako ko kwaɓa siminti, ya dawo da goshin damina da ƴan kuɗi a aljihu da ciwon bayan da kuɗin za su ƙare su bar shi da shi. A Afrilu da Mayu zafin Tawa kan haura digiri 40, har barcin dare ya gagara. Wanda ya san wannan ba zai raina tausar tsohuwa ba, ko ƙahon wanzami, ko tukunyar sirace, ko zaman tasbihi bayan Asuba. Ni ina ganin girmansu, kuma ina so su ɗore. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗora musu kayan da ba nasu ba. Aikinsu sauke gajiya, rage raɗaɗi da kwantar da hankali. Ba sa kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba sa gyara ƙodar da ta lalace, ba sa tayar da zuciyar da ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 2003 ake bikin ranar maganin gargajiya na Afirka a ƙarƙashinta kowace 31 ga Agusta, ita ma a nan ta tsaya: a yi aiki da abin da aka tabbatar yana amfani kuma ba ya cutarwa, tare da asibiti. Ga sharuɗɗan, kuma ba na sassauta ko ɗaya.

Kafin a taɓa jikin kowa

A duba tukuna: gajiya ce ko ciwo? Mai gajiya yana cin tuwonsa, yana hira, in ya kwana ya huta sai ya ji dama. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ko numfashi ke yi masa wuya, ko ƙirjinsa ke ɗaurewa, ko gefe guda na jikinsa ya saki bakinsa ya karkace, wannan ya fi ƙarfin gida. A nemi kabu-kabu ko amalanke a kai shi likita a ranar. In sun ce a wuce babban asibitin Tawa ko Galmi, a wuce, kada a tsaya shawara da maƙwabta.

Kada a murza wuyan da ya sandare in akwai zazzaɓi da ciwon kai. Sanƙarau ke nan har sai lokotoro ya ce ba shi ba ne. A 2015 ya kama mutum wajen 8,500 a Nijar, ya kashe fiye da 570, kuma yakan gama da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga ɗari zuwa bazara, lokacin ƙura, a sa wannan a rai.

Kada a ɓoye wa lokotoro abin da aka sha ko aka yi a gida don tsoron faɗa. A tafi da ragowar jiƙon a kwalba a nuna masa. Faɗan minti biyu ya fi a ba mutum maganin da zai yi karo da abin da ke cikinsa.

Tausa

A yi ta, a yawaita. Ɗan man kaɗe ko man shanu a tafin hannu, a ɗumama shi da gogawa, a fara daga kafaɗu a gangaro gefen ƙashin baya, a hankali, ana tambayar mai jiki inda ya fi jin daɗi. A 2015 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara bincike 25 da aka yi a kan mutum fiye da 3,000 masu ciwon baya, ta ga tausa na rage ciwon na ɗan lokaci, ba ta kawar da shi ɗungurungum. Wannan ya ishe mu. Wanda ya wuni duƙe da hauya, in ya sami sauƙin da zai yi barci, ya ci riba.

Kada a tausa sha-raɓar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, tana ciwo, musamman ga mai jego ko wanda ya sauko daga doguwar tafiyar mota, irin ta masu dawowa daga Agadas ko bakin teku. Mai yiwuwa gudan jini ne ya tsaya a jijiya. In aka murza shi ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma mutum na iya faɗuwa nan take.

Kada a sa yara su taka bayan tsohuwa. Ƙato mai jini a jika zai ɗauka, amma ƙashin Inna ya yi laushi da shekaru da haihuwa, haƙarƙari na iya tsagewa. Kada a murɗa wuyan kowa don a ji ya yi ƙara. Kada a danna cikin mai juna biyu da sunan gyara kwanciyar ɗa. Baya da ƙafafu kawai, da sassauƙan hannu.

Ƙaho

Nan zan daɗe, don nan ne jini ke fita. Kowa ya ga yadda ake yi a inuwar kasuwar Tawa ranar Lahadi: mutum ya tuɓe riga ya ba da baya, wanzami ya buɗe zabira, ya kafa ƙahon ya zuƙe iskar da baki ya toshe ƙaramar kafar, ya jira fata ta taso, ya cire, ya tsattsaga da aska, ya sake kafawa. Bayan ɗan lokaci ya juye baƙin jini mai guda-guda a ƙasa ya rufe da rairayi, mai baya ya miƙe yana cewa ya ji sakayau. Ƙaho sunna ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa kuma ya biya wanda ya yi. Masu ciwon baya da na wuya da yawa suna samun sauƙi. Ban zo hana kowa ba.

Amma, Baba wanzami, ku gafarce ni, magana ce ta rai. Kada aska ɗaya ta taɓa mutum biyu. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7, kuma ta fi ta sida saurin kamu nesa ba kusa ba. Goge aska a tafin hannu, ko a fata, ko a tsoma ta a ruwan ƙwarya, ba ya kashe ta. Nijar na cikin ƙasashen da wannan ciwo ya yi wa katutu, kuma sai a 2008 rigakafinsa ya shiga allurar jarirai, ke nan yawancin magidantan da ke zama gabanku ba a yi musu shi ba. Mai ɗauke da ƙwayar yakan yi shekaru garau, ba ya sani, ku ma ba ku sani ba, sai ranar da ciki ya kumbura ido ya yi rawaya. Ku ma da kuke zuƙa da baki kuna cikin haɗarin.

Saboda haka mai zuwa ƙaho ya tafi da sabuwar rezarsa, a ɓare ta a gabansa, a jefa ta masai bayan an gama. Ƙahon da aka yi wa wani aiki da shi a wanke da sabulu, a tafasa shi minti 20 ko a jiƙa a ruwan jabel kafin ya hau bayan wani. Masu hijama ta zamani da kofunan roba da famfo, su ma dokar ɗaya ce: kofin kowa nasa, safar hannu sabuwa. Kyawun shago da farar riga ba hujja ba ce. Kada a shafa toka, ƙasa ko kashin dabba a tsagar, ta nan tetanos ke shiga, ciwon da ke sandare jiki ya datse haƙora.

Kada a yi wa mai ciki ƙaho, ko mai jego, ko ƙaramin yaro, ko mai sikila, ko mai shan maganin tsinka jini, ko wanda ƙasan idonsa da tafinsa suka yi fari. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 46 cikin 100 na matan Nijar da kashi 73 cikin 100 na yara ƙanana suna da ƙarancin jini. Macen da ke jiri da kasala da bugun zuciya, galibi jinin ne bai ishe ta ba, sai a ce mataccen jini ya taru a ƙara zubar da ɗan abin da ya rage. Baƙin da ake gani a ƙaho jini ne da ya daskare, haka na kowa yake yi in ya fito ya jima. Kuma kada wanda ake yi wa maganin hawan jini ya ajiye ƙwayarsa don an yi masa ƙaho a ƙeya.

Cire belun jariri da tsaga cikin yaro mai saifa, a bar su kwata-kwata. Babu sharaɗin da zai gyara su.

Sirace da turare

A yi sirace don mura da toshewar hanci da nauyin jiki: ganyen turare, na lemun tsami ko na dogon yaro, a sauke tukunyar daga wuta, a bari tafasar ta lafa, a lulluɓa minti 10, a sha ruwa bayan an fito. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai ciki su haƙura da shi.

Kada a shiga da yaro ƙarƙashin bargo da tukunyar tafasasshen ruwa. Motsi ɗaya ya isa, kuma ƙunar ruwan zafi a cinyar yaro tabonta har girma. Kada a yi wa zazzaɓin damina sirace a zauna jiran sauƙi. Gwajin jini a yatsa minti 15 ne, kuma tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata da damina, a ba su shi cikakke har kwana ukun.

Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko don turaren wuta ko don ɗari. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi, tana sa ciwon kai da barci mai nauyi, daga nan mutum ba ya farkawa. A turara ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a nisanta hayaƙi da jariri da mai asma.

Jego

Iyayenmu mata, wannan taku ce, kuma na san ƙauna ce ke sa ku tashi da asuba ku hura wuta. Kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma, a tsoma ganye a fyaɗa wa mai jego, a gasa mata jiki, a dama mata kunun kanwa. A riƙe abin da ke da kyau a ciki: hutun, kulawar, naman da ake ba ta, zaman da take yi kusa da uwarta. Ko a Turai mata da yawa ba sa samun irin wannan gata.

Amma ku sani ƙasar Hausa na cikin wuraren da ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo a Zariya, suka zargi yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gasasshen gado. A Sakkwato, maƙwabtanmu, wani bincike na 2007 ya same shi a haihuwa 1 cikin 102. Likitocin Yamai kuma tun farkon shekarun 1990 suka lura masu ciwon na da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya fi ɗora laifin a kan rama, rashin abin hannu da hawan jinin masu ciki, bai sami wanka da kunu a matsayin tushen ciwon ba. To, ko ba su ne tushe ba, kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Don haka a rage kanwa ƙwarai, a hana ta gaba ɗaya ga wadda ta yi hawan jini ko kumburi da cikin. Ruwan wanka ya zama wanda mai yi za ta iya barin gwiwar hannunta a ciki. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki, a bi abin da ungozomar likita ta ce. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. Zuciya ce. A kai ta Tawa a ranar. Jaririn kuma nono zalla har wata 6: ba bauri, ba ruwan rubutu, zuma kuwa sai ya cika shekara.

Abin da ake sha

A sha zoɓo marar sukari da yawa, yana ɗan sassauta hawan jini. Citta, na'a-na'a da kanumfari a ruwan zafi ba laifi.

Samarin fada, shayinku ba hutu yake ba ku ba in kun kai tsakar dare kuna jiran na uku. Abin da ke cikinsa mai hana barci yakan yi awa 5 rabinsa bai bar jiki ba, ga shi babba na buƙatar barcin awa 7. A dafa da hantsi ko bayan Azahar. A bar awa guda tsakaninsa da abinci, don yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini. Sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa babba a wuni bai wuce giram 50 ba, wajen ƙaramin cokali 12, ku auna da abin da kuke zubawa a buta ɗaya.

Kada a sha tramol don gajiya. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100 ga mai ciwo mai tsanani, na bakin tasha kuwa har 225 ake bugawa a ƙwaya ɗaya. Gajiyar na nan, ji ne kawai ya ɗauke. Ƙarshensa jijjiga, kamu da zubewar mutunci, kuma mun ga ƴaƴan mutane da ya mayar abin tausayi. Haka ƙwayar barci ta masu tallar magani a faranti. Wanda ya riga ya kamu, kada a kore shi daga gida, kada a ɗaure shi. A raka shi likita a rage masa a hankali.

Kada a sayi jiƙo ko gari a kwalba marar suna daga mai lasifika da ke cewa maganinsa na warkar da basir, sanyi, suga da raunin maza a lokaci guda. An sha kama irinsu da ƙwayoyin asibiti a daka a ciki. Sassaƙen da kaka ta sani, sabara ko kalgo, a sha daidai kima, kwana kaɗan. In fitsari ya ragu ko ido ya sauya, a tsaya.

Natsuwar zuciya

A zauna bayan sallah, kada a yi sallama a zabura. A ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, wajen sau 6 a minti, na minti 10. Wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya nuna a shekarun 1970 cewa zama shiru ana maimaita kalma ko addu'a na rage bugun zuciya da saurin numfashi. Mu don Allah muke zikiri, ladansa muke nema, natsuwar jiki kuma ƙari ce da Ya haɗa mana da shi.

A yi ruƙiyya da karatu da tofi. Malam, Allah ya gafarta, kada bulala ta shiga, kada shaƙe wuya, kada hayaƙin barkono. Jikin da ake duka na ɗiyar mutane ne. Kada kuma a keɓe da mace ba muharraminta.

Kada a ce duk mai faɗuwa iskoki ne. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta miyau, kuma wajen mutum 7 cikin 10 kan daina faɗuwa in suna shan magani kullum, mai araha ne ma. In ta tashi a kwantar da mutum a gefensa, a janye shi daga wuta da bakin rijiya, kada a cusa masa komai a baki.

Wanda ya yi mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya son mutane, ko yake cewa gara ya mutu, kada a ce masa rashin tawakkali ne. Sau da yawa wanda ya dawo daga biɗa hannu wofi ne, ko ya ga abin da baki ba ya iya faɗa a hanyar sahara, ko matar da miji ya yi shekaru bai aiko ba. A zauna da shi, a saurara, a kai shi likita, addu'a na tafe tare.

Baƙin hanyoyi

Allurar Sin, wadda ake soka siraran allurai a jiki, tana taimaka wa wasu masu ciwon baya da gwiwa. Sai a hannun wanda ya koya, da allurai sababbi. Miƙe-miƙen jiki irin na yoga ta Indiya, wanda matasa ke gani a waya, a ɗauki mai sauƙi a bar na tsayuwa da ka. Ma'aikacin ofis a Tawa da mai zaman shago su yi tafiyar ƙafa minti 150 a mako. Manomi da mai daka sun riga sun wuce haka.

Kada a ba da ko dala ga mai na'urar da ake riƙe wani ƙarfe, kwamfuta ta lissafo cututtuka goma, sannan ya fito da kwalaben da zai sayar jika ashirin. Babu na'urar da ke ganin hanta da ƙoda ta tafin hannu.

Maigida

Kai ake yi wa tausa in ka dawo gona, kai ke zuwa ƙaho ranar kasuwa, kai ke ƙailula a zaure. Ita fa? Ta riga ka tashi, za ka riga ta kwanciya, da goyo a baya. Kada ka ce mata raki in ta ce bayanta. A ware mata awa guda bayan Azahar da ba mai kiranta, ko kai ko baƙonka. Samarin gida su ɗauki jarka su tafi rijiya ko famfo. In cikinta ya tsufa ko tana jego, turmi ya fita daga hannunta, a kai hatsi inji. Kuɗin niƙan tiya guda bai kai na shayi da sukarin da ake ƙonawa a fada a dare ɗaya ba, ka cire daga can ka biya.